Malam Abarshi, Wanda Ya Tambayi Naman Tukunyata

Ƙarfe shida da rabi na safe, in kana bakin titin da ya taso daga Dogarawa, za ka gan shi: wani siririn dattijo a kan tsohon babur, da shuɗiyar kula ɗaure a baya da igiyar roba. Ba ya miƙewa Samaru kai tsaye. Sai ya ratsa Sabon Gari wajen Ify mai ƙanƙara, ya zaɓi guda biyu, ya ɗaga su sama yana dubawa kamar mai sayen zinare, ya sa a kula, ya rufe, ya sake buɗewa ya leƙa, sannan ya tayar da babur. Ify ta ce ko ran da aka kwana da wuta sai ya saya. Ta tambaye shi dalili, ya ce wutar da ta kwana ba ta yi alkawarin wuni ba.

Sunansa Malam Abarshi. Ba dakta ba ne, ba farfesa ba ne. A ɗakin gwajin da yake aiki a Samaru shi ne mai karɓar kwalba, mai wanke ta, mai niƙa ganye, mai tace jini, mai share wuri bayan masu manyan riguna sun tafi. Shekara talatin da biyar ke nan. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma na tabbata in ban buɗe baki ba, da lemon kwalba ɗaya za a sallame shi.

Ni Barakatu ce, mai abinci a layin masu keke-napep a Samaru. Shinkafa da miya, tuwo, farfesu. Ban yi boko ba. Maƙwabciyata Susanna, wadda ta koyar a firamare har ta yi ritaya, ita ke rubuta wannan, kuma na gaya mata in ta gyara mani baki zan sa wani ya karanta mani, zan gane. Ku sani tun yanzu, yabon mutane ba ɗabi'ata ba ce. Wadda ta shekara talatin tana zuba wa 'yan tasha abinci, in ta ce maka tana yarda da mutane, ƙarya take. Shi kansa wanda nake jinjina wa yau, na shekara goma sha bakwai ina zarginsa.

To don me ba zan zarge shi ba? Kullum da azahar zai zo rumfata. Zai wanke hannu sau biyu, har tsakanin yatsu, kamar ruwana ne bai yarda da shi ba. Zai zauna a ƙarshen benci, kula a tsakanin ƙafafunsa. Wata rana murfin ya goce na hango kwalabe da jan abu a ciki. Na ce wa Susanna, mutumin nan jini yake sayarwa. Ta ce zato zunubi. Na ce ko da ya zama gaskiya, na sani, ki bar ni da zunubina. Abin da ya fi ci mani rai kuma shi ne gyara. Duk wanda ya daɗe yana cin abincina ya san ina ɗora mashi yanka ɗaya a kan abin da ya saya. Wasu har faɗa suke in na manta. Shi kuwa Malam Abarshi sai ya sa cokali ya ture gyaran gefen faranti, ya ci abincinsa, ya tashi ya bar shi nan. Kullum. Na ce a raina, ko dai yana zaton na sa mashi wani abu, ko kuwa ya san wani abu da ban sani ba.

Wata uku da suka wuce, ran wata Talata, ana dab da kiran azahar, benci ya cika. Wani mai keke da ake kira Bappa, wanda tun yana sabon aure yake ci a wurina, ya ɗaga yankan nama sama.

"Iya, wannan naman na wace dabba ce?"

"Na kakarka ne. Ci ka tashi, mutane na jiran wuri."

"Wallahi Iya ba wasa nake ba. Jaki ne. Na yi shekara biyu ina lodi a inda ake fiɗar su, na san baƙin nan nasa, na san zaƙi-zaƙin nan."

"Au, har zaƙinsa ka sani? Ashe kai tsohon maciyi ne!"

Aka yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Na ga cokula suna sauka ɗaya bayan ɗaya. Wani ya tofar da na bakinsa. Kafin ka ce kwabo layi ya cika, har waɗanda ba su taɓa sayen ko ruwan leda a wurina ba suna rantsuwa sun daɗe suna jin wari. Sai ga Ciyaman na ƙungiyar masu abincin layinmu, da lasifikar hannu a dama, da kwaɗo a hagu. Bai tambaye ni komai ba. Ya sa lasifika a baki ya ce, "Jama'a, an kama Barakatu da naman jaki, an rufe rumfarta har sai an bincika." Sau uku ya faɗa. Har bakin titi an ji. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yana shirin danna kwaɗo sai ga Malam Abarshi da kularsa, ya zo cin abinci kamar kullum. Ya tsaya ya saurara. Mutumin da ban taɓa jin ya haɗa magana biyar ba, sai ya ce, "Ciyaman, kafin ka kulle, a bar ni in tambayi naman."

Wani ya ce, "Malam, nama na magana ne?"

Ya ce, "Yana yi. Kowace dabba akwai sunanta a rubuce cikin tsokarta, shi ake ce wa DNA. Wuta na yayyaga shi, amma ba ta gama goge shi. Aikina ke nan, in ciro rubutun, in wanke shi tas, a karanta."

Ni kuwa na ce a raina, yauwa, ga na uku ya iso. Bappa ya yi ihu, Ciyaman ya kulle, wannan kuma zai kawo takardar da za a binne ni da ita. Da ma na riga na gama lissafi cewa wata mai abinci da ke tsallaken titi ce ta shirya su duka. Amma ba ni da mafita, sai na ce a gwada. Na ɗauko ludayi zan tsamo mashi mai kyau.

"Kada ki taɓa!"

Tsawar da ya yi mani ke nan, a rumfata, a kan tukunyata. Na ce, "Kai Malam, ka san da wa kake magana?" Ya ce, "Yi haƙuri Yaya. In kika zaɓa, za a ce kin zaɓa. In na zaɓa, za a ce na zaɓa. Ciyaman ya nuna, ni in ɗauka." Haka aka yi. Yanka biyar daga tukunya, na shida na farantin Bappa. Kowane yanka sai ya sake safar hannu, ya sake sabuwar reza, ya sa a kwalbarsa daban, ya rubuta lamba, ya sa Ciyaman da Bappa su gani, sannan ya tura cikin ƙanƙara. Ran nan na san amfanin kular da na shekara ina zagi. Ya ce zai nemi izinin shugabansa, kuma ba zai taɓa kwalaben ba sai da shaida daga kowane ɓangare.

Washegari ni da Bappa muka tsinci kanmu a benci ɗaya, a ƙofar ɗakin gwaji, muna leƙe ta gilashi. Na ce zan shiga. Malam ya hana. Na ce, "Me kake ɓoyewa?" Ya ce, "Ba ɓoyo nake ba, Yaya. Kin wuni kina taɓa nama. Abin da ke ƙarƙashin farcenki ya isa ya shiga kwalba ya yi shaidar zur." Bappa ya yi dariya. Malam ya juya ya ce mashi, "Kai ma haka." Dariya ta mutu.

Abin da idona ya gani zan faɗa, ba ƙari. Ya goge teburi da wani ruwa mai warin asibiti, ya sa takunkumi. Ya tsaga kowane yanka ya ɗebo daga can tsakiya, inda miya ba ta ratsa sosai ba, ɗan mitsitsi, bai kai ƙwayar wake ba. Ya ɗauraye shi, ya ce mai da barkono su ne maƙiyan aikinsa, suna toshe bakin gwaji. Na ce ta taga, "Barkonona bai taɓa toshe bakin kowa ba, buɗewa yake." Bai ko ɗaga kai ba. Ya daddatsa, ya zuba wani ruwa mai kumfa kamar na sabulu, ya ɗiga wani da ya ce shi ke cinye tsoka ya bar rubutun, ya jera kwalaben a cikin ruwa mai ɗumi, ya ce sai gobe.

Na ce, "Gobe? Nama ɗan wannan? Ni da nake dafa ƙafar saniya a awa uku?"

Ya ce, "Ke dafawa kike, ni lallashi nake."

Gobe ta yi. Naman ya narke ya zama ruwa. Ya jera kwalaben a cikin wani inji mai juya su kamar majaujawa, datti ya kwanta ƙasa, ya tsotse na sama da wani abu kamar biro, kuma kowace tsotsa sai ya jefar da bakin ya sa sabo. Na ce wa Bappa, dubi almubazzaranci. Sai Malam ya ɗauko wata kwalba daga firij, mai sanyi ƙarara, ya zuba. Na tambaya, ya ce barasa ce ta gwaji. Na ce, "Ashe! Har da giya ake ajiyewa a nan." Ya sake juyawa a inji, sannan ya kawo kwalbar jikin gilashi ya ce mu duba. A can gindi akwai wani ɗan farin tabo, kamar inda ɗigon koko ya bushe.

"Ga shi nan," in ji shi.

"Wannan? Saboda wannan aka rufe mani rumfa?"

"Saboda wannan za a buɗe, ko a bar ta a rufe."

Bai tsaya nan ba. Ya wanke tabon, ya sake wankewa, ya bari ya sha iska, ya narkar da shi da wani ruwa da ya ce ko na sama bai kai shi tsabta ba. Nan na tambaye shi ƙanƙarar kullum ta mece ce. Ya ce wannan DNA mai haƙuri ne. Akwai ɗan'uwansa RNA, wanda ake nema in ana binciken cutar kaji ko ta amfanin gona, shi ɗan zafi kaɗan ko gumin hannu ya isa ya lalata shi. In aka ɗauke wuta, aikin wata guda na ɗalibi na iya mutuwa kafin a tayar da janareta. Shi ya sa ba ya barin ran kwalabensa a hannun wuta.

Na ƙirga kwalaben da ya jera, na ga tara, alhali shida muka ba shi. Na miƙe na buga gilashi. "Malam! Ukun nan daga ina? Na kama ka!" Ya fito, ya cire takunkumi, ba fushi a fuskarsa. Ya ce ɗaya naman sa ne, bijimin da aka yanka a gabansa. Ɗaya gashin wutsiyar jaki ne, da saiwarsa, ya tsinko da safe daga jakin wani mai kawo itace daga ƙauye, har ya kusa shan harbi. Ya ce in ba ka san muryar sa da ta jaki ba, ta yaya za ka gane wanda ya amsa? Ta tara kuwa ba komai a cikinta, ruwa ne kawai, amma duk abin da ya yi wa sauran sai ya yi mata.

Na ce, "Ita kuma shaidar wa take?"

Ya ce, "Ita ni take tsaro."

Ban gane ba sai ran Juma'a. Mun zo karɓar sakamako, ya fito ya ce babu. Ya zubar da komai, zai sake daga farko da ragowar naman da ke firij. Jama'a, ran nan na yi mashi tatas a gaban ɗalibai. Na ce an ba shi cin hanci. Bappa kuma ya ce ni na ba shi. Mu biyu da ba ma ga maciji muka haɗu a kansa. Ya tsaya har muka gaji, sannan ya ce, "Kwalbar da ba komai a cikinta ta yi magana. Ta nuna alamar nama. Ke nan wani abu ya shiga inda bai kamata ba, ko daga ruwana, ko daga hannuna. In wadda ba ta da komai ta yi ƙarya, ba zan yarda da sauran ba."

Bappa ya ce, "To Malam, wa zai sani in ka yi shiru?"

Ya ce, "Kwalbar ta sani."

Kai ne, Malam Abarshi, mutum na farko da na taɓa gani an sami matsala ya fara tuhumar hannunsa. A layinmu in miya ta yi tsami, mai tumatir ne. In keke ya faɗi, titi ne. Na shekara sittin da wani abu a duniya, ban taɓa ajiye kwalbar da za ta tsare ni ba.

Sati ya zagayo. Malam ya kira mu, har da Ciyaman. Ya nuna mana hoto: wani abu kamar agidi da aka yanka fale-fale, da 'yan layuka masu haske a kai. Kwalbar banza ta yi shiru wannan karon. Ga layin sa, ga layin jaki, kowa da mazauninsa. Yanka huɗu na tukunyata sun tsaya sahu ɗaya da sa. Na biyar ya tsaya sahun jaki. Na Bappa ma haka.

Ciyaman ya gyara hula ya fita, Bappa ya bi shi kai a sunkuye, ko murna bai yi ba. Ni na tsaya. Abin da na yi bayan nan ba abin alfahari ba ne, amma na ce wa Susanna ta rubuta. Na kama hannun rigarsa na ce, "Malam, shekara goma sha bakwai kana cin tuwona. Huɗu sa ne. Ka rubuta sa. Wa zai ƙirga?"

Ya ce, "Ba zan iya ba, Yaya."

Na ce, "Allah ya isa tsakanina da kai."

Ya karɓi Allah ya isata bai mayar ba. Ya jawo mani kujera. Ya ce, "Zauna, akwai abin da ya tsaya mani. Wa ke yanka maki nama?"

"Ni. Da hannuna. Ba na yarda da wuƙar kowa."

"Huɗun nan manya ne, masu kusurwa, yanka iri ɗaya. Biyun nan ƙanana ne, sirara, an yanka su a karkace. Ke kika yanka su?"

Na ce, "Waɗannan ai gyara ne."

Ina faɗa na tuna inda nake samo su.

Duk Sabon Gari an san ni da faɗan gyara. A wurin mahauci ɗaya nake saye, Rahimu, shekara takwas. Cinya nake zaɓa, in duba, in shinshina, in sa a datso mani guntu guda a gabana, ba na ƙiftawa. Amma in an gama an ƙulla, sai in ce, "Gyara fa?" Ya ce babu. In ce ba zan tafi ba. Mu yi ta yi, har ya sa hannu ƙarƙashin teburi, cikin wani kwano mai murfi, ya damƙo 'yan yanka ya watsa a ledata, in tafi ina jin na ci nasara. Ni da nake binciken abin da na saya kamar 'yar sanda, ban taɓa kallon abin da aka ba ni kyauta ba. Wa ke shinshina gyara?

Na miƙe zan tafi in ci kwalar Rahimu. Malam Abarshi ya ce, "Zato ne har yanzu. Ki je gobe ki saya kamar kullum, ki yi faɗanki kamar kullum. Abu ɗaya kawai: gyaran ya shiga leda daban, kuma a sami masu gani."

Susanna ta raka ni. Bappa da kansa ya kai mu a kekensa, ya tsaya nesa yana kallo. Rahimu na ganina ya tafa hannu. "Iya! Na ji abin da aka yi maki. Maƙiya ne, wallahi. Allah zai saka maki."

Na ce, "Amin. Zai saka kuwa. Yanko mani cinya, abincin suna zan yi."

Ya yanka. Na ce, "Gyara fa?"

"Haba Iya, kasuwa ba daɗi."

"Ba zan tafi ba."

Ya yi dariya, hannu ya tafi ƙarƙashin teburi, yana yi mani addu'a yana damƙowa. Susanna ta miƙa tata ledar ta ce, "Zuba nan, waccan ta cika."

Kwana uku Malam Abarshi ya yi a kansu, da rezarsa, da barasarsa, da kwalbar banzarsa. Cinya: sa. Gyara: jaki, duka. Aka kai maganar gaban shugabannin mahautan wurin, aka ɗaga kwanon, aka ɗage teburin Rahimu. Wannan tsakaninsu ne, ba na bin sa. Ran da na sake hura wuta, Bappa ne ya fara zama a benci. Ya ce, "Iya, ni fa ban yi ƙarya ba." Na ce, "Ba ka yi ba. Amma da ka raɗa mani a kunne, bakinka zai ruɓe ne?" Ya ce a zuba mashi shinkafa, ban da gyara. Na kai mashi ludayi, ya goce.

To yanzu mu dawo kan Ciyaman. Da lasifika ya rufe ni, da rana tsaka, sau uku. Da ya tashi buɗewa, da sassafe ya zo ya cire kwaɗonsa ya sa a aljihu, ba wanda ya gani sai mai shayi. Takardar sakamako tana cikin durowarsa. Na je sau huɗu, kullum sai ya ce a bar maganar ta mutu. Ta mutu a ina? Rabin bencina babu kowa. Masu keke in za su yi kwatance, cewa suke "wajen Mai Jaki". Shekaranjiya wasu 'yan makaranta suka wuce suna yi mani kukan jaki. Sunan da na shekara talatin ina ginawa a bakin murhu, da hayaƙi a ido, shi ake so in bari ya mutu a durowa. Na yarda da nawa laifin: kwaɗayin gyara ya rufe mani ido, jaki ya shiga tukunyata, mutane sun ci, na nemi gafararsu kuma ina ƙara nema. Amma ban saya ba, ban sani ba, kuma akwai takarda. Ita ma matar tsallaken titi da na zarga, ba hannunta a ciki. Na faɗa, kada a ce ban faɗa ba.

Akwai kuma abu na biyu da ke ci mani rai. Na sa Susanna ta karanta mani kwafin takardar nan da aka ba ni tun daga sama har ƙasa. Akwai sunan ɗakin gwaji, akwai sa hannun babban dakta. Ba na ƙin daktan, shi ya ba da izini, Allah ya saka mashi. Amma ba shi ya tsinko wutsiyar jaki ba. Ba shi ya zubar da aikin kwana uku ba. Ba shi ya sha zagina ba. Sunan Abarshi ba ya ko'ina. Ɗaliban da ke ci a wurina sun ce haka abin yake: duk wanda ya fita daga ɗakin nan da digiri, hannun Malam ne ya fara riƙe mashi biron tsotsa, ya koya mashi sake safa. Wata Winifred ta ce ya taɓa sa ta maimaita aiki sau huɗu tana kuka, yau kuma shi take wa godiya. Na tambaye shi ko abin ba ya damunsa. Ya ce in aikinsa ya yi kyau ai ba a ganin hannunsa a ciki, amfaninsa ke nan. Shi ya ga zai iya haƙura. Ni ba zan haƙura a madadinsa ba.

Kai ne mai wanke gaskiya har sai ta fito fari, Malam. Ka ƙi yi mani ƙarya ran da na roƙe ka, kuma da ka yi, da har yau ina zuba wa bayin Allah jaki ina rantsuwa da sa ne. Ka ƙi barina da rabin gaskiya ran da na tsine maka. Da wani ne, da ya ce aikinsa ya ƙare a kan takarda. Kai ka tsaya ka dubi yadda aka yanka naman.

Jiya Malam ya zo da azahar. Ya wanke hannu sau biyu. Na zuba mashi tuwo, na ɗora yanka ɗaya, daga cinya, yankan hannuna, don na daina karɓar gyaran kowa. Ya sa cokali ya ture shi gefe. Na ajiye ludayi na ce, "Malam, don girman Allah, yau sai ka gaya mani. Shekara goma sha bakwai kana ture gyarana. Da ma ka san wani abu ne ka yi shiru?"

Ya dube ni da mamaki. Ya ce, "Haƙori ne, Yaya. Na hagu. Yanka biyu nake iyawa, na uku sai in kwana ina jinya."

Shekara goma sha bakwai, jama'a. Haƙori. Da na tambaya tun ran farko.

Na gode, Malam Abarshi. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya raba ka da ciwon haƙori, ya sa waɗanda ka koyar su riƙe kwalbar banzan nan kamar yadda ka riƙe. Ku kuma masu karatu, ba na ce ku daina zargi ba, ni ma ban daina ba. Amma ku yi irin nasa: ku fara da hannunku, ku bincika abin da aka ba ku kyauta, kuma kada ku sa lasifika a baki kafin ku tambayi naman.

Ciyaman, kai nake jira. Asabar mai zuwa, da azahar, lokacin da layi ke cika, ka zo da lasifikarka ka karanta takardar nan sau uku, kuma ka faɗi sunan wanda ya yi aikin: Abarshi. In ka ce batir ya mutu, ba komai. Na riga na yi magana da mai motar tallan maganin basir, tasa ta fi taka ƙara, kuma Susanna ta ce za ta karanta.